Jajayen Ƙyallaye Goma Sha Huɗu

Shafi na 9

Masu bina har akwatin saƙo suna cewa mugunta ce ta sa na bar tsoho shi kaɗai a kurmi, na ji, na kuma yafe muku. Wanda bai karanta na baya ba, ga inda aka tsaya. Auta ta kwaso iyayenta zuwa wani masauki a tsakiyar kurmi don mahaifinta, Mai Agogo, ya huta kamar yadda likita ya ce. Da safe Jagora ya kai su kallon mafaɗar ruwa, Auta ta zame ta yi targaɗe, ya tallafo ta suka dawo tare da mahaifiyarta. Tsohon ya ce shi bai gama hutawa ba, aka bar shi zaune a kan dutse.

*

Jagora ya faɗo barandar masaukin da gudu, rigarsa ta manne masa a jiki, laka har gwiwa. Ko sallama bai yi ba. Idonsa ya bi kujerun gorar da ke jere ɗaya bayan ɗaya.

"Baba ya iso?"

Auta tana zaune, ƙafarta a miƙe kan wata kujera an ɗora mata ƙanƙara a idon sawu. Ta ɗago kai.

"Wane Baba? Ba kai ka tafi ɗauko shi ba?"

"Ba ya wurin."

Duba-gari, mahaifiyar Auta, tana gefe tana goge bakin kofin shayi da hankicinta, kofin da aka wanke a gabanta. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan, don shekara ashirin da takwas ta yi tana wannan aiki, tana leƙa kwatoci da randunan mutane tana rubutawa. Ritaya ta raba ta da ofis, amma ba ta raba ta da halin ba. Ta ajiye kofin a hankali.

"Ban gane ba ya wurin ba. Ba cewa ka yi ya zauna ya jira ka ba?"

"Minti arba'in na ce masa, Hajiya. Kin dai ga yadda muka taho da ƙafar nan. Sai da muka ci sa'a ɗaya da rabi."

Gabanta ya faɗi, don ta san wanda take aure. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan teburin gyaran agogo, in ka ce masa arba'in zai ba ka arba'in cif, ya ƙara maka biyar na mutunci, sannan ya kaɗe wandonsa ya tashi.

Hayaniyar ce ta fito da Manaja daga ofis, wani gajere mai rigar da guga ya kwanta mata, rediyon kira na oba-oba a hannu.

"Me ake ciki?"

"Ranka ya daɗe, baƙonmu ne ban gani ba. Na ce masa in ya gaji da jira ya bi jajayen ƙyallayen da ke ɗaure a rassa, za su kawo shi har bayan kicin."

"To ai shi ke nan, yana hanya."

"Babu su."

"Babu me?"

"Ƙyallayen. Da zan koma na yanke ta cikin rafi don in yi sauri. Na tarar ba ya kan dutsen. Na ce bari in bi bayansa. Bishiyar farko babu ƙyalle. Ta biyu babu. Ta uku babu. Na yi kira har muryata ta dushe, shi ne na sake yankowa in ga ko Allah ya sa ya iso."

Manaja ya matso kusa da shi, ya ɗaga kai yana kallonsa, don Jagora ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

"Ka dai ɗaura kuwa?"

"Da sassafe na ɗaura, da hannuna. Guda goma sha huɗu."

Goma sha huɗu.

Hannun Duba-gari ya sauka kan jakar da ke cinyarta.

Da safe, lokacin da Jagora ya tara baƙi yana yi musu bayanin hanya, ita tana kicin tana fama da kuku a kan kwandon shara marar murfi. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da suka shiga kurmin ta fara ganin tsummokara a jikin rassa, hannunta har ya tafi, Mai Agogo ya riƙe mata wuyan hannu yana murmushi.

"Hutu muka zo, Duba-gari," ya ce mata. "Ki yi min alkawari yau ko tsinke ba za ki ɗaga ba."

Ta yi masa alkawari. Amma a dawowa ba ya nan. Jagora yana gaba, Auta rataye a kafaɗarsa, ita tana can baya ita kaɗai da tsummokaran. Ta dinga kwance su ɗaya bayan ɗaya, tana mitar baƙin da za su zo wuri mai kyau haka su ƙazantar da shi su tafi. Duk lokacin da Jagora ya ce, "Hajiya, kina nan?" sai ta amsa, "Ina nan," ta cusa wani a leda. Har ƙirgawa ta yi, don ta yi niyyar kai wa Manaja ƙorafi da yamma.

Muryar Auta ce ta dawo da ita.

"Ka bar min uba mai hawan jini a tsakiyar daji, sannan ka zo kana yi mana tatsuniyar ƙyalle? Wa zai cire? Ka ce dai ka manta."

"Ban manta ba, 'yata."

"Ni ba 'yarka ba ce. Ubana nake so."

Jagora ya sunkuyar da kai. Babban mutum ne, da furfura a gemunsa, amma ya tsaya kamar ɗalibi a gaban allo, ruwan laka yana ɗiga daga wandonsa kan katakon barandar.

"Shekararka nawa a nan?" in ji Manaja.

"Goma sha tara."

"To yau ta ƙare. In aka samu tsohon nan lafiya, ka ajiye min rigar nan ka kama gabanka. In kuwa ba a same shi lafiya ba, ba ni za ka yi wa bayani ba, 'yan sanda ne."

Duba-gari ta buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Ku da kuke karantawa kuna cewa ai sai ta faɗa kawai, ba ku san matar nan ba. Duk rayuwarta ita ce mai biro, wani ne mai laifi. Ta sa an rufe gidajen abinci, ta sa manyan mutane sun tsuguna sun kwashe kwata a gaban matansu. Ko a gida, in kofi ya fashe sai an nemo wanda ya ajiye shi a bakin tebur. Kalmar "ni ce" ba ta taɓa zama a bakinta ba. Sai ta fara lallashin kanta: ko ta faɗa, ko ba ta faɗa ba, neman dai ɗaya ne. A same shi tukuna, daga baya ta ja Manaja gefe.

Sai hasken barandar ya ɗauke. A kurmi ba a ganin tahowar hadari, bishiyoyi sun rufe sama. Duhu kawai kake gani ya sauko da rana tsaka, tsuntsaye su yi tsit. Can nesa aka yi tsawa mai tsawo.

Jagora ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, korar ka bari sai an jima. Hanyar nan mararraba biyar gare ta, kowace kuma ta rabu. Da na san iyakar inda aka cire, da abin da aka taɓa, da na san inda ya kauce. In muka tsaya lalube ruwa zai riga mu, kuma in ya sauka ko sawun giwa ba za a gani ba."

"Har yanzu kana kan bakanka an cire," in ji Manaja. "Biri ne ya kwance?"

"Ƙarya yake yi," in ji Auta, hawaye ya cika mata ido.

"Ba ƙarya yake yi ba."

Duk suka juyo. Duba-gari ta miƙe. Ta zuge jakar, ta zaro baƙar leda, ta zazzage ta a kan teburin shayi. Jajayen ƙyallaye suka zubo, kowanne a ninke gida huɗu.

"Ni ce."

Ƙanƙarar da ke ƙafar Auta ta zame ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

"Mama?"

"Na ɗauka tsummokara ne baƙi suka ɗaura suka tafi."

"Amma ai an yi bayani da safe, Mama. A gabanmu aka yi."

"Ina kicin."

Auta ta kalli ƙyallayen, ta kalli uwarta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"A gida kin hana mu sakat, mun haƙura. Kwana uku Baba yana barci a gadon ragar can kamar jariri, awon jininsa ya sauka, jiya har dariya ya yi da biri ya sace masa sukari. Yaushe rabon da ki ji dariyarsa? Kurmin ma sai kin share shi, Mama?"

Duba-gari ta ninke baƙar ledar ta mayar da ita jaka.

Manaja kuwa nan take ya canza murya. Bakin da ya gama kiran 'yan sanda shi ne ya koma zuma.

"Haba, Hajiya, ai kuskure ne, kowa yana yi. Laifinmu ne ma da ba mu rubuta a allo ba."

"Kada ka lallashe ni," ta ce. "Ka janye abin da ka faɗa wa mutumin nan."

"Na janye, Hajiya, na janye."

Shi Jagora ba ya ma jin su. Ya durƙusa gaban teburin yana baza ƙyallayen da yatsa, yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi. Da ya kai na ƙarshe sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗago wani fari da ya yi dauɗa, an naɗe shi tsaf da siririyar igiya.

"Hajiya, wannan fa?"

"A mararraba ta uku daga mafaɗar ruwan. An gicciya igiyar a bakin wata hanya mai faɗi, daidai gwiwa. Na ce wani zai yi tuntuɓe."

"Kin kwance ta duka?"

"Duka. Na naɗe ta."

Jagora ya kalli Manaja. Manaja ya kalli ƙasa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da iskar da ta fara kaɗawa.

"Ku yi min magana mana," in ji Duba-gari. "Hanyar ina ce?"

"Tsohuwar gadar igiya," in ji Jagora. "Da can ta nan ake bi, shi ya sa ta fi kowace faɗi, har tsakuwa aka zuba mata. Bara muka rufe ta. Laima ta cinye igiyoyin, katakan sun ruɓe. Jan ƙyalle yana cewa bi nan. Fari yana cewa kada ka kuskura."

"Baba ba zai hau ba," in ji Auta da sauri. "Ko tsani ba ya hawa. Ƙwan fitila ma Mama ce ke canzawa."

"In ka tsaya a bakin gadar ta can, kana hango rufin masaukin nan a tsallake. Kamar ka miƙa hannu," in ji Jagora.

Duba-gari ta dubi agogon bango. Huɗu saura minti goma. Ƙarfe huɗu daidai Mai Agogo yake shan maganinsa, bai taɓa ƙara minti ɗaya ba tun da likita ya rubuta, kuma maganin yana ɗaki a kan durowa.

"Zai hau," ta ce.

Jagora ya shige sito ya fito da naɗin igiya mai kauri a kafaɗa da ɗamarar hawa guda biyu. Manaja yana ta danna oba-oba, yana kiran ma'aikatan da suka tafi bakin kogi da sauran baƙi. Aka amsa masa cikin ƙaraf-ƙaraf cewa ko da gudu sai sun yi rabin sa'a.

"Ta wannan ɓangaren minti goma ne zuwa bakin gadar," in ji Jagora. "Su same ni a can."

Ya sauka matakala. Ya ji taku a bayansa, ya juyo.

"Hajiya, ki zauna."

"Ni na kwance, ni zan je."

"Hanyar da santsi."

"Wuce mu tafi, kana ɓata lokaci."

Auta ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta mayar da ita kujera.

"Mama," ta kira. Duba-gari ta tsaya ba ta juyo ba. "Ki dawo min da shi."

Suka kutsa kurmin. Ruwan ya fara ne daga can sama, suna jin ruguginsa a kan ganyaye kamar ana zuba tsakuwa a kwano, amma sai da suka yi tafiya mai ɗan nisa kafin ɗigon farko ya iso ƙasa. Da ya iso kuwa bai yi musu da wasa ba. Hanyar ta zama kwata, saiwoyin bishiyoyi suka fito kamar yatsu suna kama ƙafa. Sau biyu Duba-gari tana faɗuwa da gwiwa, sau biyu tana tashi ba ta ko duba zanenta ba, ita da ɗigon miya yake sa ta canza kaya.

"Malam Jagora."

"Na'am, Hajiya."

"Ka yafe min. Ina zaune ana ci maka mutunci na yi shiru."

"Ai kin yi magana."

"Na makara."

Ya ɗage mata wani reshe ta wuce.

"Ni ma da nawa. Na lura ba kya nan da nake bayani, ban maimaita ba."

"Kada ka raba min laifina. Nawa ne ni kaɗai."

Ya ci gaba da tafiya. Ita kuwa zuciyarta tana can kan mutumin da suka shekara talatin da bakwai tare. Duk faɗan da take yi a gida, shi ne mai bin bayanta yana ba mutane haƙuri. In ta kori mai aiki, shi zai bi ta har bakin titi ya ce ta dawo gobe, Hajiya ta huce. Bai taɓa roƙonta komai ba sai yau, abu ɗaya tak, kuma ta kasa riƙe masa shi na yini guda. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga kunya a kai.

Ƙarar ruwa ta canza, ta zama gurnani daga ƙasa. Bishiyoyi suka buɗe, sai ga su a bakin kwazazzabo. Can ƙasa, nisan da ya fi bene mai hawa biyar, kogi ya yi jajir yana tafe da rassa.

Gadar tana nan, in za a kira ta gada. Katakai ne jere a kan igiyoyi biyu, gansakuka ta rufe su. Igiyar riƙo ta hagu ta tsinke tana reto, gadar duk ta karkace gefe guda.

A tsakiyarta Mai Agogo yake zaune. Ƙafarsa ta hagu ta zurma inda katako ya karye, ta shige har cinya. Ya rungume igiyar dama da hannu biyu. Babu hula a kansa, ruwa yana bin sanƙonsa yana sauka kan tabarau.

Duba-gari ta toshe bakinta da hannu.

"Baba," Jagora ya ɗaga murya, "kada ka motsa. Mun zo."

Tsohon ya ɗago kai a hankali, ya ƙura musu ido ta cikin ruwan.

"Malam Jagora," ya ce, "minti arba'in ka ce."

"Na yi laifi, Baba. Ka riƙe da kyau."

Jagora ya tsuguna gindin turken da aka ɗaure gadar. Duba-gari ta leƙa ta kafaɗarsa, idonta na aiki ya gane abin da ya gani tun kafin ya yi magana. Igiyar ta yi baƙi ta kumbura, zarurrukanta suna tsinkewa ɗaya-ɗaya suna miƙewa kamar gashin tsohuwar tsintsiya.

Ya ɗaure tasa igiyar a wata ƙatuwar bishiya, ya jijjiga ta, sannan ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon farko. Gadar ta yi wani nishi tun daga wannan bakin har wancan, ta ƙara karkacewa. Ya janye ƙafar da sauri.

"Ba za ta ɗauke ni ba."

"Ka jefa masa igiyar."

"Ko ta isa, sai ya saki hannu zai kama. In ya saki kuwa..."

Ta dubi hanyar da suka biyo.

"Mutanenku fa?"

"Da sauran minti ashirin. Ruwan nan kuma yana ƙara mata nauyi."

Daga tsakiyar gadar muryar Mai Agogo ta sake zuwa, ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da haƙuri.

"Ba don in gaggauta muku ba, amma hannuna na dama ya fara mutuwa."

Duba-gari ta sunkuya ta cire takalmanta. Ta jera su gefe da gefe a gindin bishiya, ta cire mayafinta ta ɗaure ƙugu da shi tamau.

"Hajiya, me kike yi?"

"Dube ni, dubi kanka. Ko rabinka ban kai ba."

"Ba zan iya ba. In wani abu ya same ki, me zan ce wa 'yarki?"

"In wani abu ya same shi, ni me zan ce mata? Ɗaura min abin nan."

Ya dube ta, ya dubi igiyar turken. Wani zare ya sake tsinkewa a gaban idonsu. Ya ɗauko ɗamarar ya zagaya mata ita, ya ja maɗaurin har sai da numfashinta ya tsaya, ya saƙale igiyar a bayanta. Ya rataya mata ɗamara ta biyu a wuya.

"Wannan za ki zura masa ta ƙarƙashin hammata, ki danna ƙarfen sai kin ji ya ce ƙyas. Ki taka gefen katako inda ƙusa take, kada ki taka tsakiya. Kada ki kalli ƙasa. Kome kika ji a bayanki, nawa ne, ba naki ba. Kin ji?"

"Na ji."

Ta yi bisimilla ta ɗora ƙafa. Katakon yana da sanyi da santsi kamar sabulu. Gadar ta yi ƙara amma ta riƙe. Ta kama igiyar dama, ta ja ɗaya ƙafar.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Sai a lokacin Mai Agogo ya gane wadda ke tahowa. Ya goge tabarau da kafaɗa.

"Duba-gari? Koma."

"Yi shiru, Malam."

"Na ce ki koma. Umarni nake ba ki."

"Shekara talatin da bakwai ba ka ba ni umarni ba sai yau? Riƙe igiyarka."

Bakwai. Takwas. Na tara babu shi, sai rami da jan ruwa a ƙasa. Ta ɗauke ido, ta miƙa ƙafa ta tsallake. Iska ta kaɗa gadar, ta tsaya har ta lafa.

"Malam."

"Ina jin ki."

"Ƙyallayen nan ni na kwance su."

"Na sani."

Ta kusa sakin igiyar.

"Ka sani?"

"Tun daga bishiyar farko. Na ga reshe fes, ko zare ba a bari ba. Na tsaya ni kaɗai ina dariya, na ce alkawarin Duba-gari bai kai la'asar ba."

Goma sha biyar. Goma sha shida. Yanzu tana ganin yatsunsa, sun yi fari a kan igiyar. Tana ganin agogon da ke wuyan hannunsa, gilashin ya fashe.

"To da ka ga babu, me ya sa ba ka koma ka zauna ba? Me ya kawo ka nan?"

Ya yi ɗan murmushi, leɓɓansa sun yi toka.

"Na zo mararraba na rasa ta bi. Sai na ga wata hanya mai faɗi, tsaf da ita, ko tsinke babu. Na ce to, nan matata ta bi. Ai ni duk inda na ga an share, bayanki nake bi."

Hawayen da ta riƙe tun daga baranda ya ɓalle, ya haɗu da ruwan sama. Ba ta da hannun gogewa. Ta cije leɓe ta ƙara taku ɗaya.

Saura katako uku. Ta saki hannu ɗaya, ta zaro ɗamarar daga wuyanta, ta miƙa. Bakin ƙarfen ya taɓa kafaɗarsa ya zame.

"Matso da kanka kaɗan, Malam."

"Ƙafar ta ƙi."

"To tsaya, ga ni nan."

Ta ɗaga ƙafa za ta taka na gaba.

A bayanta wani abu ya ce ɗas, kamar an tsinke igiyar shanya. Katakon da take kai ya sauka da kusan taƙi guda ya tsaya. Idon Mai Agogo ya bar fuskarta ya tafi can bayanta, murmushin ya ɓace.

Muryar Jagora ta zo a hankali, a hankali ƙwarai.

"Hajiya, kada ki waiga."

Ita kuwa Duba-gari, tun da take ba ta taɓa jin abu ya lalace ta wuce ba ta duba ba.

Ta waiga.